Sun Ce Kol Of

Zuwa ga ɗiyata Maryam, Birnin Kebbi.

Ni ce Innarki, Tamada, daga Wara. Laraba matar maƙwabcinmu ke rubuta mini. Ina gaishe ki, ya jego, ya jinjiri? Ki zauna ɗakinki, kar ki taso da ɗanyen jiki.

Har yau ba a ga ƙanenki Abdulƙadir ba tun da jirginsa ya kife ran kasuwa. Jiya masu jajayen rigunan nan da ke nemansa sun naɗe igiyoyinsu. Na riƙe rigar babbansu, na ce ɗana fa? Ya juya wajen yaransa ya yi Turanci. Abin da kunnena ya kama, "kol of". Laraba ta ce kol kira ne, irin na waya. Ke nan za su kira ni? Shi ya sa ban buga miki ba, kar su kira su iske ina magana. Ke kika yi boko, ki faɗa mini yaushe za su kira.

Ki gaida mai gidanki.

*

Inna,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, yaro na shan nono. Takardarki ta kwana a hannuna.

Laraba ba ta yi ƙarya ba, call kira ne. Amma Turanci in ya haɗa kalma biyu sai su haifi wata ma'ana daban. Call off na nufin an fasa abin da aka shirya, ko an tsayar da wanda ake cikin yi. Ana faɗinsa ga taro, ga wasan ƙwallo, ga yajin aiki. Ana faɗinsa ga neman mutum a ruwa.

Inna, sun daina nema ne. Ba wanda zai kira. Ki yafe mini da ya zama daga bakina kika ji.

Ɗiyarki, Maryam.

*

Maryam,

Laraba ta karanta mini, na sa ta maimaita.

Ashe kalmar da ake tashin 'yan ƙwallo da ita, da ita aka tashi daga kan ɗana. Yaron da ya iya ruwa tun bai iya ɗaura wando ba. Yana ƙarami sai na bi shi bakin ruwa da tsumagiya kafin ya fito ya ci tuwo.

Na je wajen masunta, sun ce Inna, ruwa ya cika, sai dai in shi ya kawo shi da kansa. Liman kuma ya aiko, wai a sa ranar addu'a.

Of ɗin nan na san shi, shi ake yi wa fitila. To fitila ai ana sake kunna ta. Ki duba cikin littattafanki, in akwai kalmar da za ta maida masu jajayen rigunan nan ruwa, ki rubuto. Sai Laraba ta koya mini ita, in je in faɗa wa babban nasu da bakina.

Na gaji, Laraba. Aje alƙalamin.

Maryam, Laraba ce. Nan ta tsaya. Na jira ko za ta ƙara, ba ta ƙara ba.