Jiya Mu Aka Rusunawa

Daga Seoul, zuwa ga Yaya Mi-ran,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar Inna? Har yanzu tana shiga teku duk da na hana ta?

Ni lafiya lau, maƙogwaro ne dai ya ɗan dishe. Gi-tae, abokin waƙata, shi ke ɗauke min inda murya ke hawa sama, ba wanda ya gane. Kar Inna ta ji.

Kin tuna farkonmu, muna bin ɗakunan manyan mawaƙa a gidan talabijin, muna rusunawa muna miƙa faifanmu da hannu biyu? Wani ya ɗora kwanon taliyarsa a kai muna tsaye.

To jiya wasu samari biyu suka ƙwanƙwasa mana ƙofa, suka rusuna, suka ce a waƙoƙinmu suka koyi haɗa murya. Gi-tae ya raɗa min, "Kai, mun tsufa!" Na karɓi faifansu da hannu biyu, na sa aka kunna shi nan take.

Ki aiko min da zuma. Baba kuwa, da ya ce waƙa sana'ar malalata ce, ki gaya masa yanzu ɗansa ake zuwa gaisarwa.

Ƙaninki,
Seok-ju