Kyamara Ta Uku

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Kwalin ya iso daga Kano a motar haya. Kyamara huɗu, kebul naɗi-naɗi, da wani baƙin akwati da zai riƙa naɗar hoton. Khalid autana ne ya aiko, bayan na ishe shi da mita cewa shinkafar shanya tana raguwa. Kuma tana raguwa, ni ba mahaukaciya ba ce. Shekara ashirin ina sana'ar gumin shinkafa a gidan nan, in na kalli tamfol na san abin da aka zuba masa.

Ya ce, "Umma, ki bari zan turo mai haɗawa ran Asabar." Na ce wane ƙato ne zai shigo mini tsakar gida mata suna aiki? Ni Zinariya da na koyar da lissafi a firamare shekara goma sha biyu, kebul huɗu ne zai gagare ni? Ya yi ta dariya. Zai daina.

Laraba, 8 ga Mayu

Na hau tsani da kaina. Ta ɗaya a ƙofar gida, ta biyu a bakin ɗakin ajiya, ta uku a kan tsakar gida inda muke turara da shanya, ta huɗu a katangar baya da ke kallon fadama.

Nuriyya ce ta riƙe mini tsanin. Ita ce babba cikin mata shidan da ke mini aiki, kuma tun kafin marigayi maigidana ya rasu muke tare, ita ta wanke ni a haihuwar Khalid ma. Ta ɗaga kai ta ce, "Yaya, wannan idon wa zai kalla?" Na ce ɓarawo. Ta ce, "To, Allah ya sa ɓarawon kaɗai." Ban so yadda ta faɗa ba, amma noti na bakina, na ci gaba da ɗaurawa.

Alhamis, 9 ga Mayu

Akwatin sai da talabijin, talabijin kuwa yana zaure tare da batir da inbatan sola tun zamanin marigayi. Kebul ɗin da ke haɗa su bai fi kamu biyu ba. Don haka a zaure na ajiye komai, na ja sauran kebul ta saman ƙofa zuwa ciki.

Ina kunnawa akwatin ya fara kuka, ƙi-ƙi-ƙi, ba tsayawa. Khalid ya ce faifan da ke ciki sabo ne, sai an shiga saiti an share shi tukuna. Na shiga. Ya nemi lambar sirri, na sa, na manta wadda na sa, na gwada har ya kulle ni rabin awa kamar wata ɓarauniya a gidana. Na zauna na ci ƙosai ina hararsa.

Kafin la'asar hoto ya fito. Uku ras, ɗaya baƙi ƙirin. Amma fa ya fito, kuma ba namijin da ya taɓa shi.

Juma'a, 10 ga Mayu

Baƙin nan ashe kan kebul ne bai shiga ba. Sai an danna ya ce ƙas. Awa biyu na ɓata a kan ƙas.

Lahadi, 12 ga Mayu

Batir ya ƙare da asuba, da wuta ta dawo akwatin ya ce wai muna watan Janairu na shekarar 2000. Na gyara masa kwanan wata. Na lura in aka ɗauke masa wuta yana mantuwa, shi ya sa na yanke shawara ba mai kashe komai a zauren nan, har talabijin ɗin. A kunne dare da rana. In allo ya mutu ina zai sa hoton?

Tururi kuma yana hawa gilashin ta uku, sai na hau na goge da gefen zani. Zafin bana ba a magana. Kafin hantsi kowa ta cire hijabi ta rataye, daga ɗaurin ƙirji sai ɗankwali, in ba haka ba mutum ya sume a bakin duro.

Talata, 14 ga Mayu

Wani ya rufe mini talabijin da darduma. Na san aikin waye. Malam Sunusi ne, wan marigayi, Baffan yara. Kullum bayan la'asar shi da abokansa suna kan dakali a waje, jiya da iskar hadari ta taso suka shige zaure. Shi tun farko ba ya son komai sabo, da aka kawo sola ma cewa ya yi za ta ƙona rufin. Na yaye dardumar na ninke masa. Gidan ɗan'uwansa ne, na sani, amma kyamarar tawa ce.

Laraba, 15 ga Mayu

An sake rufewa. Na sake yayewa. Mu zuba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Ba wadda ta zo aiki.

Duro takwas na jiƙa jiya da yamma, shinkafa shanshera mai kyau daga Auyo, yau ya kamata a tsame a turara. Na jira har rana ta take. Na kira Nuriyya, waya na ƙara ba a ɗauka. Na aika saƙo, shiru.

Da azahar Aziza ta leƙo, ƙaramarsu, ta tsaya daga bakin ƙofa da hijabi har ƙasa, ta ƙi ƙarasowa. Ta ce, "Hajiya, maza sun gan mu." Na ce waɗanne maza, ta ina? Ta ce a talabijin ɗin zaure, ran da aka yi iska. Ɗaya daga cikin masu zama da Baffa ya je yana ba da labari a bakin masallaci, wai ashe matar wane akwai ƙarfin dantse. Matar wane ɗin Nuriyya ce. Maganar ta je kunnen mijinta.

Na ce mata hotunan ƙanana ne, kashi huɗu allon yake, wa zai gane wa? Ta dube ni ta ce, "Sun dai gane." Ta juya.

Ni ban sa kyamara don a kalli kowa ba. Allah shaida ne. Wanda ya kalla shi ke da zunubi, wanda ya je ya faɗa ya fi shi. Me ya sa ni za a yi wa yaji?

Juma'a, 17 ga Mayu

Duro biyu na iya turarawa ni kaɗai. Bayana kamar zai rabe, tafasasshen ruwa ya zubo mini a ƙafa. Sauran shidan sun fara tsami, ana jin warin tun daga soro.

Baffa ya yi sallama bayan an sauko daga masallaci, ya tsaya ta bayan katangar zaure kamar yadda ya saba, ni ina ciki. Shekara talatin da aurena gidan nan bai taɓa kallon fuskata sosai ba, ni ma ban taɓa kiran sunansa ba. Ya ce, "Uwar yara, zauren nan don me aka gina shi?" Bai jira amsa ba. Ya ce, "Don kada na waje ya ga na ciki. Ke kuma kin ɗauko cikin kin kafa a bango." Na ce, Baffa, dukiyata ake ɗiba. Ya ce ya ji, ya yi gyaran murya ya tafi.

Ba zan cire ba. In na cire yau, gobe duk unguwa ta ce dama tsoro ne ya sa ɓarayin suka haɗa baki, kuma sun ci nasara.

Asabar, 18 ga Mayu

Na faɗa wa Khalid. Ya ce, "Umma, ai ko kin kashe talabijin akwatin yana naɗa. Allon don kallo ne kawai."

Na ce me ya hana ka faɗa mini? Ya ce ban tambaya ba, kuma ni na ce kada a turo kowa. Na kashe wayar a kunnensa. Yaron da na goya.

Na kashe talabijin ɗin. Na duba, jan ɗigon da ke jikin akwatin na nan yana ƙiftawa, yana naɗa. Kwana shida allon nan na kunne a banza.

Litinin, 20 ga Mayu

Na aika wa Nuriyya cewa an kashe allo, ba mai ganin komai yanzu, su dawo. Amsar da ta aiko: "Wanda aka naɗa fa, yana ina?"

Yana cikin akwati, ina zai je? A kulle da lambar sirri. Ni kaɗai na san ta. Shekara nawa muna tare, sai yau za ta ce ba ta yarda da ni ba?

Talata, 21 ga Mayu

Na nemi wasu mata daga wajen garin Malam Madori, waɗanda ke zuwa aikin kaka. Mai maganarsu ta ce, "Gidan kyamara?" Har can labarin ya kai. Na ce su riƙe aikinsu.

Duro shida na zubar wa kaji da awaki rabi, rabi na shanya haka nan ko za a samu na dusa. Masu sari sun fara kira, Babbar Salla ta matso. Na ce musu inji ne ya lalace. Ƙaryar ta yi mini ɗaci a baki.

Laraba, 22 ga Mayu

Abin da kyamarar katangar baya ta kama zuwa yau: ƙadangare, tantabarun maƙwabta, da akuyar wani mai ɗaurin gindi.

Alhamis, 23 ga Mayu

Yau bayan azahar na kulle zaure ta ciki, na kunna allo, na ce sai na nemo mai ɗibar shinkafar nan na kai wa kowa ya gani. Na koma ran Litinin ɗin iskar, na buɗe ta uku ita kaɗai, ta cika allon.

Hoton ba ƙarami ba ne. Ban san kyamarar nan na da ido haka ba. Har zufar da ke bin wuyan Aziza ana gani. Ga Nuriyya tana juya shanya da ƙafa, zaninta ya kwance, ta sake ɗaurawa ba ta ko waiga ba, don me za ta waiga, a gida take. Ta zauna a gindin rijiya ta ɗage zani tana shafa man zafi a gwiwa. Ban san gwiwarta na ciwo ba. Ba ta taɓa faɗa mini ba.

Sai ga wata ta fito daga ɗaki, ƙatuwa, kai ba ɗankwali, furfura a waje, ɗaurin ƙirji ya zazzago, tana sosa baya da muciya tana nuna mutane da yatsa. Wallahi sai da na ɗan jima kafin na yarda ni ce.

Na duba lokacin da ke saman allon. Biyar saura kwata. Suna zaure a lokacin. Baffa yana zaure.

Na kashe. Na daɗe a zaune, kunya kamar ƙasa ta tsage na shige. Mutumin nan bai ce mini ya gan ni ba, darduma kawai ya sa, sau biyu, ni kuma ina yayewa ina ninke masa.

Ɓarawo dai ban gan shi ba.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ban fita ba. Da na ji sallamar Baffa na yi kamar ina salla.

Asabar, 25 ga Mayu

Na sauke ta uku. Dama tururi na ɓata mata gilashi, kullum hawa tsani, ƙafata ga ƙuna. Dalilin ke nan, duk wanda ya tambaya. Sauran ukun suna nan daram, ba mai sa ni cire su, ƙofar gidana ce da katangata.

Akwatin noti huɗu ne a ƙasansa. Na kwance na zaro faifan, ɗan ƙarfe mai nauyi, bai kai tafin hannu biyu ba. Khalid ya ce ai sharewa kawai zan yi a saiti, ba sai na cire ba, sabo da tsada. Na ce wa zai ga na share? Shi sai ya sayo wani.

Na naɗe shi a leda na tafi gidan Nuriyya a ƙafa. Rabona da shiga gidanta tun sunan jikarta, kullum ita ke zuwa. Na same ta tana tsince zogale. Ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Hajiya, ba Yaya ba. Na ajiye mata ledar a kan tabarma, na ce duk abin da aka naɗa yana cikin nan, babu wani a ko'ina. Ta ce me za ta yi da shi? Na ce ta daka a turmi, ko ta ba maigidanta ya jefa a kogi daga kan gada, nata ne. Na ce har da ni a ciki.

Ta juya shi a hannu. Ta ce, "Kin gani ke nan." Na ce na gani. Na ce mata dai ta riƙa ɗaure gwiwar nan.

Ba ta ce za ta zo ba. Ta raka ni har soro.

Litinin, 27 ga Mayu

Duro biyu kawai na jiƙa jiya, daidai ƙarfina.

Ina hura wuta na ji sallama. Nuriyya ce da Aziza da wasu biyu. Ba wadda ta gaishe ni da fara'a, ni ma ban washe baki ba. Kowacce ta ɗaga kai ta kalli inda ta uku take a da, ramukan noti ne kawai a bango. Suka kama aiki da hijabansu, cikin zafin nan, zufa na ɗiga. Ban ce su cire ba, ba ni da bakin faɗa.

Ni ma da nawa na yi aikin.

Wajen sha ɗaya Nuriyya ta miƙe daga bakin duro ta ce, "Yaya, wutar nan ta yi ƙasa." Ta cire hijabinta ta rataye a igiyar shanya, ta gyara ɗaurin zani, ta ɗauki kwando.

Hayaƙi ne ya shiga mini ido. Na sunkuya na ƙara itace.