Muryata Kawai Inna Ta Nema

Daren Asabar, Agege.

Yau sunan 'yata, na so Inna ta gan ta daga Kano. Ta aro wayar maƙwabciyarta muka haɗa bidiyo, amma hoton sai tsayawa yake. Ta ce, "Hadiza, bar hoton nan, muryarki ta ishe ni." Na ce, "Bari in duba saurin intanet ɗin, Inna, yanzu zan kira."

Na kai na'urar bakin taga, na ɗora kan firji, ina ta gwaji. Da saurin ya hau na kira, ashe mai wayar ta karɓi abarta ta fita.

Ko sunan jaririyar ban gaya wa Inna ba, alhali sunanta ta ci.