Ja'afaru Ya Bi 'Yan Amshin Jumare

Ikara, Lardin Zazzau,
20 ga watan Safar, 1375.

Zuwa ga yayana Muhammadu Auwalu, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin na ƙanwa ga yayanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ummuhani da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a cinikin goro, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, an yanke gero, dawa ta fitar da kai. Baffa Malam Abdulwahabu yana nan, gwiwarsa ce ke taɓa shi in an yi ruwa, amma bai fasa zama da ɗalibai a zaure ba. Ƙanwarmu Atika ta sauka lafiya a Kudan, mace ce, an mayar da sunan Inna. Atamfar da ka aiko ta iso hannuna, Allah ya saka da alheri.

Yaya, wannan ce takarda ta uku da na fara, biyu na yage su. Kwana goma sha tara ke nan ban kama wani aiki na kai ƙarshensa ba. In na ɗora tukunya sai in tsinci kaina a ƙofar gida ina kallon hanyar Zariya. Maganar ɗanka Ja'afaru ce. Kada gabanka ya faɗi, lafiyarsa ƙalau, sai dai ba ya gida. Yana Kaduna cikin 'yan amshin wani mawaƙin noma, kuma da sanina ya tafi. Gara ka ji daga bakina kafin fatake su kawo maka labarin a karkace.

Shekararsa shida ka bar mini shi, bayan rasuwar mahaifiyarsa Zulaihatu, Allah ya jiƙanta. A lokacin ba ya magana da kowa, sai dai ya rakuɓe a gefen dutsen niƙa yana kallona. Ni kuwa ka san ba na iya niƙa baki a rufe, waƙoƙin da Inna ta bar mana nake yi. Wata rana na ja baiti, sai na ji ƙaramar murya ta amsa mini daga baya. Wannan amshin shi ne abu na farko da ya fito daga bakinsa tun bayan jana'iza. Daga nan kullum ina ja yana amsawa. Da ya shiga karatu wurin Baffa, muryar ta ƙara gogewa, har ya zama shi ake sawa gaba ya ja bege ranar Mauludi. Ka ga tun farko da hannuna a ciki.

Mawaƙin sunansa Jumare, mutumin Saulawa ne, dattijo mai gangar noma, wanda ake kira duk inda aka yi gayya. Da yana da 'yan amshi biyu, sa'o'in Ja'afaru. Ɗaya Ɗanliti, ɗan wani mahauci a Makarfi, wanda ya tashi da kalangu a kunnensa tun yana goye, muryarsa kauri gare ta kamar ta babban mutum. Ɗayan Zailani daga Paki, da kiwo ya fara, a bayan shanu ya koyi busa sarewa, muryarsa siririya ce mai tafiya nesa. Bara suka fara da Jumare, ba a ba su komai sai abincin gayya da ɗan abin da manoma suka miƙa. Sukan taru ƙarƙashin tsamiyar bayan gari bayan la'asar suna gwada amshi. Ja'afaru ya fara tsayawa kallo in ya dawo daga gona, daga kallo ya shiga. Ya gaya mini Jumare ya ce muryarsa ce ke ɗinke ta waɗancan biyun, don tasa a tsakiya take. Na sani, ban gaya wa Baffa ba.

A tsakiyar damina aka yi babbar gayya a gonar dagacin Saulawa, ina cikin matan da suka kai fura. Garma ta fi hamsin. Rana na take tsaka muryar Jumare ta dushe, ya buɗe baki ba abin da ke fita sai iska. Ganga na tafiya ba waƙa, nan da nan na ga samari sun fara miƙewa suna dafa ƙugu, ga rabin gona ba a taɓa ba. Sai Ja'afaru ya ɗauki waƙar daga inda ta faɗi. Yana kiran manoma ɗaya bayan ɗaya da sunayen kakanninsu, Ɗanliti da Zailani suna amsawa. Yaya, ƙasa ta riƙa tashi kamar ana watsa ta da gangan. Kafin la'asar an kai gefe. Ni kuwa ludayi na hannuna, har fura ta tsinke ban sani ba. Ashe cikin baƙin dagaci akwai wani ma'aikacin gidan rediyon Kaduna da ya zo gaida surukansa. Bayan mako uku saƙo ya zo, ana son Jumare da yaransa uku su je a ɗauki muryarsu.

Ranar da Baffa ya ji, ya sallami ɗalibai, ya kira Ja'afaru zaure, ni ma ya sa aka kira ni. Bai ɗaga murya ba, ka san halinsa. Ya ce gidan nan tun kakan kakanmu da allo aka san shi, ba zai rayu ya ji ana kiran jininsa maroƙi ba. Ya ce muryar da aka wanke da Alƙur'ani ba a kai ta gindin ganga, kuma wa zai ba shi 'ya in ya tashi aure. Ja'afaru yana durƙushe, kansa a ƙasa. Ya ce shi bai bar karatu ba, allonsa zai tafi da shi, kuma bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, mutane yake taya noma da abin da Allah ya ba shi. Baffa ya ce ya ji, amma in ya sa ƙafa a motar Kaduna, kada ya sake sa ta a zaurensa.

Washegari da hantsi Ja'afaru ya same ni ina tsince wake. Ya ce Gwaggo, in na ce ya zauna zai zauna, ba zai ƙara tada maganar ba. Na dube shi, na ga da gaske yake, kuma na san in ya zauna zai koma shirun nan na da. Ban ce tafi ba, ban ce zauna ba. Na tashi na ƙulla masa ƙuli-ƙuli da dakuwa, na ciro tsohuwar rigarka mai aska biyu daga adaka na ba shi. Ya karɓa da hannu biyu. Tun ranar nake tambayar kaina ko gata na yi masa ko cuta.

Ran Alhamis da ta wuce aka yi shela za a sa su Jumare a akwatin rediyon da ke ƙofar hakimi. Na yafa mayafi na je, na tsaya baya cikin tsofaffi. Jumare ya ja, muryarsa ta dawo, sai amshi ya biyo. Muryoyi uku ne a murɗe kamar igiya, amma ni na tsince tasa. Da na waiwaya sai ga Baffa can gefe da sandarsa, ya fito za shi masallaci. Bai matso ba, bai kuma wuce ba, har aka gama. Da na kai masa tuwo, bai dube ni ba, sai ya ce yaron nan yana yanke numfashi a tsakiyar kalma, kuma ba a zaurensa ya koyi haka ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na juya maganar nan har na gaji, ban gane ko fushi ne ko kewa ba.

To Yaya, ga abin da nake roƙo. Kai ne ubansa, kuma Baffa yana jin maganarka. Ka rubuto masa da hannunka, kada ka ba da saƙon baka. In ka ce yaron ya bar waƙa, zan gaya masa, na san zai bi, ko da zai yi masa ciwo. In ka yarda ya ci gaba, ka roƙar masa Baffa. In kuwa fushi za ka yi, ni ce na cancanta, ba shi ba. Amma don Allah kada ka jinkirta. Mahaifin Ɗanliti ya aiko cewa za su dawo cikin watan gobe, su kwana biyu kafin su wuce Kano. Ka san gidanmu ba shi da wata ƙofa sai ta zauren nan, kuma Baffa ba ya tashi daga cikinsa. In yaron ya sauka daga mota ya tsaya a waje, ban san abin da zan ce masa ba.

Ka gaida Ummuhani da kyau, da Uwaliya da Luba, da maigidanka na Zango. Atika da mijinta suna gaishe ka. Baffa bai san na rubuto ba, shi ya sa ba ka ga gaisuwarsa a nan ba. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai jiran amsa,
Azumi.