Gajiyar Ƙarfe

Jidda, Rajab 1395

Zuwa ga Zakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina gajiya? Na dawo daga jami'a na tarar har yanzu ba ki dawo ba. An yi sadakar bakwai, zamanki a gidanku na unguwar Balad kuma ba zai tashi Umma daga kabari ba. Ɗalibaina za su zo cin abinci ranar Alhamis. Yalla, maza ki haɗo kayanki.

Mijinki,
Duktur Haladu

Balad

Zuwa ga Baban Yahya,

Wa alaikumus salam. Ina fata kana lafiya. Ranar da ƙanwata A'i ta zo da gudu ta ce Umma na kiran sunana, cewa ka yi in bari baƙinka na masana'antar ƙarfe su gama cin abinci. Ina ajiye farantin shinkafa ka ɗauko wayar ƙarfe kana lanƙwasawa a gabansu, ka ce, "Haka matata take, duk yadda na tanƙwara ta ba ta karyewa." Suka yi ta dariya. Ko da na isa Balad an riga an rufe mata fuska. Wallahi dariyar nan tana kunnena har yau.

Ka gaida Yahya.
Zakiya

Zakiya,

Salamu alaikum. Raha ce kawai, ke ce ba ki san raha ba. Rayuwata kaf a kan ƙarfe na ƙarar da ita, na san mai karyewa na san mai lanƙwasuwa, ke kuwa mai laushin ce. Tunda na aure ki ban taɓa tambayarki gajiya kin ce akwai ba. Kada ki manta iƙamarki, izinin zamanki a ƙasar nan, da sunana take, tana aljihuna, Yahya kuma ɗana ne. Halas, magana ta ƙare. Alhamis.

Wassalam,
Duktur Haladu

Baban Yahya,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Ina guga na sha jin kana maimaita darasinka na gajiyar ƙarfe. Ka ce idan aka yi ta lanƙwasa shi ana mayarwa, tsagar daga ciki take farawa inda ido ba ya gani, ranar da zai ɓalle kuwa ba sai an ɗora masa wani nauyi ba. Ga wayarka da na taho da ita nan cikin ambulan, ta ɓalle gida biyu. Riƙe iƙamar. Yahya kuma ya gani da idonsa, zai girma.

Ka tambayi gajiya. Akwai gajiya. Ka aiko min da takardata.

Ka huta lafiya.
Zakiya