Ta Ɗinke Fitilar Mijina da Baƙin Zare

Anti Rosina, ki taimake ni don girman Allah.

A gidan su mijina Fabian, kowane namiji mai shiga teku yana da nasa ƙyalle. Surukata Ma Lettie ke ɗinka musu tsohuwar hasumiyar Agulhas mai fitilar nuna wa jiragen ruwa hanya, gicciye-gicciye, ja da fari, tana ƙirga zare ɗaya-ɗaya. Gurbin fitilar kawai take bari fayau muddin mutum na da rai. Idan ruwa ya ci shi, sai ta cike gurbin da baƙi ta rataye. Uku ke bangon falonta: mijinta, ƙaninta, da ɗanta na fari.

Jiya da hantsi na je neman almakashi a kwandonta, sai ga na Fabian, an cike fitilar baƙi ƙirin. Anti, yana tsakar gida fa a lokacin, yana gyaran raga! Kuma ran Asabar jirginsu zai fita, tafiyar sati uku. Na tambaye ta, ta ce wai ai an daɗe da yin makoki, ta ci gaba da shan shayinta. Ni da ita dama ba ma ga maciji, amma mugunta ba halinta ba ce. Kwanan nan ma da sunan ubansa take kiransa. In warware a ɓoye? In hana shi tafiya? Wallahi tsoro nake ji.

Matar Masunci, Struisbaai

’Yata, zare bai taɓa kifar da jirgi ba. Tsoronki dai ba wauta ba ne, wanda ya ga uku a bango dole gabansa ya faɗi. Ki ce wa Fabian ya duba rigar ruwansa da rediyon jirgi, kamar kullum.

Kada ki warware komai a ɓoye. Ni abin da ya tayar min da hankali daban ne. Matar da ta shekara arba’in ba ta ɓata ƙirga ba, yau ta yi wa ɗanta mai rai makoki. Wannan ba duba ba ne, mantuwar tsufa ce ta fara shiga, kuma ba ta ja da baya.

Ku kai ta asibiti cikin satin nan. Ki nuna wa mijinki ƙyallen yau, ki bar masa zaɓin tafiya. Amma ki gaya masa ƙiri-ƙiri: kifi na nan wata mai zuwa, uwarsa kuwa ba lalle ta gane shi ba idan ya dawo.

Allah ya ba ta sauƙi, ya ba ki juriya.