Katifar da Ɗanka Ya Hango Daga Sama

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai cewa gida lafiya, sai abu ɗaya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Na san ba za ka karanta ba. Na sa shi a inda jama'a za su gani, don waɗanda suka yi kwanaki suna cin naman ɗanka a waya su ji ta bakin uwarsa.

Ka tafi ka bar shi yana sakandare, yana kwance maka rediyo yana mayarwa. To, ya gama karatu, ya samu aiki a ɓangaren tsaro. Ba ya riƙe bindiga. Zama yake yi a wani ɗaki mai sanyi a nan Kaduna, jirgi marar matuƙi yana shawagi a kan daji, shi kuma yana kallon abin da jirgin ke gani a allo. In ya ce 'yan bindiga ne, na sama da shi su ba da umarni a saki wuta. Yaƙin yanzu ke nan, Malam. Yaro zai karya da ƙosai da koko a gidanmu na Unguwar Rimi, kafin azahar an nemi ya yanke hukunci a kan mutanen da bai taɓa jin muryarsu ba.

Kwanakin baya ya hango jerin babura a wata hanyar daji, ana goyon biyu-biyu, uku-uku. Duk wanda ke ɗakin ya ce 'yan bindiga ne. Shi kuwa idonsa ya tsaya a kan babur ɗaya da aka ɗaura wa katifa, da wani abu mai ƙyalli kamar kwanuka. Ka san yadda mutanen ƙauye ke kai amarya: babura a jere, kayan ɗaki a baya. Amma ɓarayin daji ma in sun kwashe gari, har katifa suke ɗauka. Sai ya roƙa a bar jirgin ya ƙara zagayawa sau ɗaya, ya gani da kyau. Kafin jirgin ya dawo, baburan sun shige ƙarƙashin itatuwa.

Bayan 'yan kwanaki aka kai hari wani ƙauye a wannan yankin, aka kashe mutane, aka tafi da mata. Ba wanda ya san ko baburan nan ne, ko wasu daban. Shi ma bai sani ba, kuma wannan rashin sanin ne ke cin sa. An dakatar da shi daga aiki, ranar Litinin zai tsaya gaban kwamiti. Wani ya fitar da zancen waje, kafin mu idar da sallar la'asar hotonsa ya zagaye wayoyi, an rubuta "infoma" a ƙasa.

Halinka ya ɗauko, kuma ka san ban taɓa yaba wannan halin ba. Ka tuna sayen ragon layya a Rigasa? Ka buɗe masa baki, ka duba haƙora, ka ɗaga ƙafa, ka zagaya, ka ce bari mu je gida mu yi shawara. Muna dawowa an sayar. In kana tuƙi, mai baro ma sai ya wuce mu. Ni da na tashi a rumfar atamfa a Babbar Kasuwa, inda ake cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, sai in ji kamar in fizge sitiyarin. Kai kuwa ko a jikinka, sai ka ce, "Asabe, sauri ya haifi nawa."

Akwai ranar da na daina yi maka dariya, ko da yake ban gaya maka ba. Lokacin wani rikicin gari, labari ya zo cewa an ƙona shagunan mutanenmu a ƙetaren gada. Samarin layinmu suka fito da gora da adda. Ka tsaya a bakin get da jallabiya da silifas, ka ce ba inda za su sai wanda ya gani da idonsa ya zo ya faɗa. Suka yi ta zage-zage, kana tsaye. Da yamma ta tabbata taya ce aka ƙona a kan titi. A zamanin, labari da ƙafa yake tafiya, dattijo ɗaya yana iya tare shi a ƙofa.

Yanzu wa zai tare? Ɗan bindiga yana da waya da babur, kafin a ce kwabo ya shiga gari ya fita. Mai mulki yana so ya riga kowa sanar da nasara, abokin hamayyarsa yana so ya riga shi sanar da gawa. Wanda ya riga faɗa shi ke da gaskiya, wanda ya riga harbi shi ke da ƙarfi. Duk wannan tseren sai ya gangaro ya tsaya a kan yaro ɗaya a gaban allo, a ce masa faɗi yanzu. Ana cewa gani ya kori ji. To, ganin da ake yi daga sama ba ya bambanta amarya da wadda aka sato, dukkansu a bayan babur suke, kai a sunkuye.

Ba na raina jinin mutanen ƙauyen nan. Wallahi na yi musu kuka, kuma in ta tabbata baburan nan ne, ban san da wane ido zan kalli iyayensu ba. Amma na san abin da ake yi in an saki wuta a kan 'yan biki. A ce kuskure ne, a je ta'aziyya da buhunan shinkafa, wayoyi su koma kan wani labari. Ban taɓa jin an sa hoton wanda ya yi gaggawa an ce masa maci amana ba.

Jiya da hantsi ya same ni ina tankaɗe. Ya rame, Malam, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Ya ce ba zai je kwamitin ba, zai ajiye aikin ya koma gyaran waya, ya gaji. Na so in ce to, don uwa ce ni, ina so ya samu barci. Sai na tuna kujerarsa ta gaban allo ba za ta zauna babu kowa ba. In mai cewa a ƙara dubawa ya tashi, wanda ba ya tambaya za a zaunar, kuma wata amaryar tana nan tafe a wata hanyar.

Ka san tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, da "kai" da "yaron nan" na raine shi, ko ciwo yake yi sai dai in turo ka. Jiya na ajiye rariya, na dube shi ido cikin ido, na ce, "Usman, za ka je." Ya ɗago a firgice, kamar bai san na san sunan ba. Na ce ya faɗa musu abin da ya gani da abin da bai gani ba, kada ya ƙara, kada ya rage, kada kuma ya ba da haƙuri don ya nemi tabbaci kafin a kashe rai. In sun kore shi, su kore shi yana tsaye.

Ranar Litinin ba zan buɗe rumfa ba. Zan raka shi har bakin get ɗinsu, in shimfiɗa darduma a inuwa, in zauna har ya fito. Duk mai son ɗaukar hoto ya ɗauka da ni a ciki, ya rubuta a ƙasa cewa wannan ce ta ce ya je.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mini gorin da na yi ta yi maka. Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe, Ya dawo da waɗanda aka ɗauke. Ya ba ɗanmu harshen faɗin gaskiya da ƙafar tsayuwa a kanta. Amin.

Matarka mai gaggawa,
Asabe, uwar Usman